Ranar da Alhaji Safiyanu Ya Taya Jami'a

Da safen nan ni da motona, wato babur ɗina, muka yi wanka tare a bakin tasha, ba kuma da son ranmu ba. Kun dai san kanibon nan, magudanar ruwan da aka gina mana bara, wadda Mai Girma Sarkin Almakashi ya zo da kansa ya yanke mata ƙyalle, aka yi kiɗa aka raba lemo. To ruwan da aka kwana ana yi ya cika ta har ta shafe, ni kuwa na ɗauka hanya ce, na saki moto. Sai ga ni tsamo-tsamo har ƙugu, hulata tana iyo ta nufi layin masu doya. Wani ɗan kabu-kabu ya kama mini muka ja moton, yana ƙyaƙyata dariya yana cewa, "Yi haƙuri Baba Bukari, ba kai ka hwara ba yau."

Ni dai ban ga laifin kowa ba. Injiniyoyin da aka kawo mana daga nesa sun yi aiki mai kyau, ruwan ne bai yi karatu ba. An tsara masa ya hau tudu ya sauka kogi, shi kuwa da jahilcinsa ya nace sai ya bi gangare ya shiga shagunan mutane.

Abin da ya fitar da ni da sassafe rakiya ce. Rahamatu, ɗiyar maƙwabcina Alhaji Safiyanu, ita ce za ta kama motar kudu, za ta jami'a ta koyo aikin injiniyan ruwa. Amma kafin a kai ga motar nan sai da aka sha kallo a garin nan, kuma tunda tufafina suna kan igiya ba ni da wurin zuwa, ku gyara zama ku ji.

Wanda bai san Alhaji Safiyanu ba, to bai taɓa shiga kasuwar albasa ta Malanville ba. Yakan sayo daga manoman Garou da Madécali lokacin da ta yi araha, ya jibge a rumfa, ya zauna yana jan carbi har ta yi tsada. Amma ba tara albasa ce ta yi masa suna ba, tafiyarsa ce. In ya taya kaya aka ce masa albarka, ba ya gardama. Sai ya miƙe, ya kakkaɓe babbar riga, ya sa takalmi a tsanake kamar wanda ƙafarsa ke ciwo, ya juya baya. Daga nan ya fara taku sannu-sannu, kai a ɗan karkace, kunnen hagu yana baya. Kafin ya kai bakin rumfa za ka ji mai kaya ya ce, "Alhaji, dawo, na sallama." Ni da nake sayar da robar ban-ruwa a gefensa tun muna da baƙin gashi, ban taɓa ganin tafiyar nan ta faɗi ƙasa banza ba. Shi kuma in yana sayarwa, ko mai saye zai taka har Lome, ba ya kira. Shi ake kira.

Ita kuwa Rahamatu yarinya ce marar hayaniya, sai ka yi wata ba ka ji muryarta ta katanga ba. Shekarar da kogi ya fasa madatsa ya cinye shinkafar kakarta a Garou, tana ƙarama, ta ga tsohuwa zaune a kan tudu tana kallon ruwa. Tun daga nan ta sa wa ranta sai ta san yadda ake yi wa kogi iyaka. Bana ta ci jarrabawar bak, ta gama sakandare, da maki mai kyau, kuma ta ci ne a makarantar da aka ƙaddamar da ɗakin gwaje-gwajenta har sau biyu, amma makullin ya bi wani da aka yi wa canjin wurin aiki.

Daga nan aka shiga neman gurbi. Jama'a, in kuna son ku tsufa da wuri, ku raka yaro neman gurbin injiniya a jami'ar gwamnati. An ce komai ya koma waya don a sauƙaƙa wa talaka. Madalla. Sai dai takardar haihuwa tana son tambari, tambarin yana son wani tambari da zai shaida shi, hoton kuma kada kunne ya ɓuya, kada kuma ya cika fitowa. Ka gama wannan ka zo turawa, rezo, wato sabis ɗin waya, ya tafi hutu. Da aka ƙare wahala, sakamako ya fito: Rahamatu ta samu gurbi, amma bursi, wato tallafin da ke ɗauke wa iyaye nauyi, ya kuɓuce mata da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Kujera tata ce, in uba zai biya.

Ranar nan Alhaji ya kira ni ƙofar gida, ya shimfiɗa tabarma, aka zauna auna karatu. Shi ba ya lissafi da dala in abu ya yi girma, da buhu yake yi. Kuɗin makaranta buhu kaza. Hayar ɗaki a kudu buhu kaza. Abinci, kuɗin mota, ordinatar, wato kwamfuta, har da kwalkwali da takalman shiga taɓo. Yana ƙirgawa yana nuna rumfar albasa da haɓa, ni kuma ina ganin rumfar tana raguwa a idonsa.

"Shekara biyat hwa, Malam Bukari," in ji shi. "Da kuɗɗin ga sai in sayi injin ban-ruwa in ba manoma haya, in sake sayen wani, in sake."

Hajiya Sa'a, uwar yarinya, tana daga zaure tana jin mu. Ta ce, "In kogi ya sake tahowa, Alhaji, injin naka iyo shika yi?"

Alhaji ya yi kamar bai ji ba. Gaskiya dai ba ƙin karatun yake ba, har hoton sakamakon ya sa a waya yana nuna wa mutane a masallaci. Abin da ke cin ransa lokaci ne. Albasa ta fara tashi, amma ba ta kai inda yake jira ba. In ya sayar yanzu, ya zubar da jiran da ya yi tun bazara. Su kuwa masu tsara ranakun biya, Allah ya ƙara musu basira, ba su taɓa tambayar kowa yaushe albasa ke kai ƙarshen tsadarta ba.

Da a ce dutsen nan ya yi tsiro, da duk ba a yi wannan lissafi ba. Kun san dutsen da nake nufi, wanda aka aza a bayan kasuwar dabbobi aka ce harsashin babbar makarantar fasaha ne. Har yau yana nan lafiya ƙalau, mata suna shanya kuɓewa a kansa. A duk duwatsun garin nan babu wanda ya kai shi sauraron jawabi.

Ana cikin haka sai aka yi shela cewa manya za su zo daga kudu da wani abu wai shi Ayarin Kusanto da Ilimi ga Talaka. Za su kafa tebur na yini ɗaya, duk wanda ɗansa ya samu gurbi ya zo ya tabbatar, ya biya kashin farko, ba sai ya yi doguwar tafiya ba. Wanda bai tabbatar ba kafin a naɗe tebur, gurbin ya koma ga na bayansa masu jira. Wannan kam na yaba, kuma da gaske nake.

Muka hallara a babban ɗakin taro tun hantsi. Ilimi bai kusanto ba sai bayan azahar. Ya iso cikin jerin motoci masu baƙin gilashi, kowace da direba da mutum ɗaya a baya yana latsa waya. Man da suka sha daga kudu zuwa nan, da an ba ni shi, da na yi ritaya daga bin masu sayar da fetur a kwalabe a bakin hanya. Ranka Ya Daɗe Uban Tafiya ya hau mumbari ya yi mana Faransanci mai tsawo, ya ce 'ya'yanmu su ne injiniyoyin gobe. Muka tafa. Mutumin kirki ne, an ce har nasa 'ya'yan ya sadaukar, ya tura su ƙasar sanyi suna shan wahala, don kada su tsare wa namu gurbi.

Da aka gama jawabi manya suka wuce cin abinci, aka bar mu da wata Madam mai tabarau da ordinatar a gabanta. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Dendi. Ni da ɗan Faransancina na firamare, wanda ya sha rana ya koɗe, na zama tafinta. Layi ya kawo kanmu: Alhaji a gaba, Rahamatu a gefensa rungume da takardunta, ni a tsakiya. Bayanmu kuma Malam Zahiru ne, wani manomin Madécali, wanda ɗansa ke cikin masu jira. Ya sayar da bijiminsa ya taho da kuɗin a aljihu, ko Allah zai sa wani ya janye.

"Tambaye ta, nawa na?" in ji Alhaji.

Na tambaya, ta faɗa, na mayar masa da dala.

"Hwaɗa mata na taya rabi."

Na ce, "Alhaji, nan hwa ba a tayi."

"Malam Bukari, tahinta ka zo yi ko wa'azi? Duk abin da ad da kuɗɗi ana taya shi. Ko Makka da na tahi sai da na taya darduma."

Na haɗiye yawu na fassara. Madam ta cire tabarau ta dube ni, ta dubi Alhaji, ta mayar da tabarau. Ta ce kuɗin daga sama aka yanke.

"Ta ce daga sama anka yanke shi."

"Kowa haka shika cewa," in ji Alhaji. "Manomin Garou ma cewa shikai matatai ta yanke. Ƙara mata kaɗan. In kuma ta ƙiya, ta jira ni wata biyu albasa ta kai, in biya ta duka har da goro."

Madam ta ce na'urar ba ta san wata biyu ba, yau ta sani. Ta kuma ce in bai shirya ba ya ba na baya wuri.

Sai na ga Alhaji ya miƙe. Ya kakkaɓe babbar riga.

Ɗakin nan cike yake da 'yan kasuwa, kowa ya san abin da ake ciki. Na ji ana zungurin juna ana raɗa, "Ya tashi, ya tashi." Wani dillalin shinkafa a bayana ya ce, "Yanzu za ta kira shi, ku dai duba." Alhaji ya gyara takalmi a tsanake, ya juya baya, ya fara takun nan nasa, kai a karkace, kunnen hagu yana baya. Ita kuwa Madam, baiwar Allah, ba ta san ana yi da ita ba. Ta buɗe robar ruwa ta sha, ta koma kan ordinatar.

Abin da ya tsinka mini zuciya Malam Zahiru ne. Ga tebur babu kowa, ga kuɗi a hannunsa, amma bai matsa ba. A wurinmu ba a shiga cinikin wani sai ya fita daga rumfa. Ya tsaya cak, idonsa a kan ƙafar Alhaji da dokin ƙofa. Da zarar ƙafar nan ta ƙetare, ciniki ya mutu, kujerar Rahamatu ta zama ta ɗansa, kuma babu wanda zai ce ya yi rashin kunya.

Alhaji ya rage tafiya. Ya tsaya ya gaisa da wani, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi gajiyar shekaranjiya. Ya sunkuya ya cire tsakuwar da babu ita a takalminsa. Shiru. Na ga gumi ya keto masa a ƙeya. Ya riga ya gane ba za a kira ba, amma mutum ne da bai taɓa juyowa da kansa ba, ga kasuwa duka tana kallo. Ni kuwa tsoro ya kama ni sosai, na rasa Hausar ma balle Faransanci. Madam ta ɗago kai za ta ce na gaba.

"Baba!"

Sai da kowa ya waiga neman mai muryar, don ba mu san Rahamatu tana da irinta ba. Tana tsaye a bakin tebur, takardu a hannunta.

"Baba, ba albasa kaka ciniki ba. Ni kaka ciniki."

Alhaji ya tsaya, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin ƙarar cokulan manya daga ɗayan ɓangaren. Ya daɗe a haka. Sannan ya juyo, ya dubi jama'a ya ce, "Mi kuka kallo? Rezo na hito nema."

Ya zaro waya. Akwai wani ɗan Lome da ya taya albasarsa da safen ranar, Alhaji ya ce masa albarka, ya bar shi ya tafi. Shi ya kira, a gaban kowa, da murya ƙasa-ƙasa.

"Patoro, maigida, kana gari? To dawo ka ɗauka. I, yadda ka taya. Na sallama. Turo rabin kuɗɗin ta waya yanzu-yanzu."

Dillalin shinkafar nan ya dafe kai ya ce, "La ilaha illallahu, Alhaji Safiyanu ya kira mai saye." Ni kuwa sai na ji ƙwalla ta cika mini ido, na yi kamar ƙasa ce ta shiga.

Kuɗi suka shigo, aka biya yadda aka yanke daga sama, ko dala ba a rage ba. Madam ta latsa abin latsawa, ta ce an gama. Malam Zahiru ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya ba Alhaji hannu ya ce, "Allah shi sa albarka, Allah shi ba ta sa'a." Ya tambayi ko akwai wani gurbin, na fassara masa, aka ce ya ci gaba da duba waya. Ya fita ya hau kekensa. Bijimi ya riga ya tafi, yaro kuma yana gida yana jiran labari. A nan kam raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai huce ba. Yara biyu masu ƙwaƙwalwa, kujera ɗaya. Da na leƙa waje na ga motocin nan a jere, sai na ga kujerun da suka taho babu kowa a kansu tun daga kudu sun isa a buɗe aji guda.

Amma kada ku ɗauka Alhaji ya bar teburin haka nan. Ya karɓi rasit, ya duba gaba ya duba baya, ya ce, "To, tambaye ta gyara."

"Alhaji, don Allah."

"Ka taɓa ganin an yi ciniki mai girma haka ba gyara? Ko mai tumatir tana ƙara ɗaya."

Na yi ta kewaye-kewaye har Madam ta gane cewa a nan in an sayi abu ana ɗan ƙara wa mai saye wani abu a kai. Karo na farko ta yi dariya. Ta laluba ƙarƙashin tebur ta miƙo masa mahuci na kwali, mai hoton Uban Tafiya yana murmushi yana nuna gaba da yatsa. Alhaji ya karɓa da hannu biyu. Yanzu haka da shi Hajiya Sa'a ke hura gawayi, kuma ta ce tunda take ba ta taɓa ganin babban mutum mai amfani a madafa kamarsa ba.

To shi ne yau aka kai Rahamatu tasha, na iso ina ɗigar ruwan kanibo. Alhaji ya sa an ɗauko mata buhun albasa guda, wai kada a ji ɗiyarsa tana sayen albasa a kudu. Kan kuɗin ɗora buhun nan ya yi ciniki da mai lodi, ya kakkaɓe riga, ya juya, aka kira shi. Ya dawo yana ƙyafta mini ido, mutunci ya ɗan dawo.

Da aka ce fasinja su shiga, Hajiya Sa'a ta rungume ɗiyarta tana ta addu'a. Shi kuwa Alhaji bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Ki riƙe salla. Ki ci abinci. Kada ki sayi komi da kuɗɗin hwarko." Ta ce, "To Baba." Ta shiga ta zauna a bakin taga.

Sai ya kakkaɓe riga, ya juya baya, ya nufi ƙofar tasha tun mota ba ta tashi ba. Na bi shi ina cewa a raina mutumin nan akwai taurin zuciya. Ban yi nisa ba na lura da takun. Sannu-sannu, kai a karkace, kunnen hagu yana baya. Na waiga. Rahamatu ta leƙo ta taga, ta buɗe baki, sai ta sa gefen mayafi ta rufe shi. Direba ya danna oda, mota ta fita ta ɗaya ƙofar.

Muka tsaya a bakin kanibo, ruwa yana wucewa zuwa shagunan mutane.

"Malam Bukari, ba ta kira ba."

"Ba ta kira ba, Alhaji."

"Madalla," in ji shi. "Da ta kira, da na sauke ta."

Ya ja hannun riga ya goge ido, ya ce albasar da aka ɗora a mota ce ta taɓa shi. Mutumin da ya tsufa a cikin rumfar albasa ban taɓa ganin idonsa ya yi ja ba. Na ce masa lallai albasar bana akwai yaji.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Sarkin Almakashi, in wannan rubutu ya kai gare shi, kada ya wahalar da kansa a kan kanibon nan. A bar mana shi yadda yake, kada a sake kawo wasu daga nesa su ƙara masa tudu. Mun riga mun yi odar injiniya, mun biya kuɗin farko ba ragi, tana nan tafe nan da shekara biyar in Allah ya kai mu. Kafin nan, duk mai doyar da ya buɗe shago ya tarar da hula mai ruwan toka a ciki, tawa ce, ba gyara ba ce.